Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin BBC Kan Shirye-shiryen Kiɗan Rock Na Radio 2

Zuwa ga Babban Daraktan BBC, da shugabannin tashar Radio 2, da na kamfanin BBC Studios.

Ranku ya daɗe, muna gaishe ku gaisuwar girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Wannan wasiƙa ta fito ne daga masu jin Hausa da ke bibiyar shirye-shiryen tsohon kiɗan rock na mako-mako a Radio 2, musamman The Rock Show na daren Juma'a da Sounds of the 70s na yammacin Lahadi. Muna magana ne da yawun makaɗan jita, da injiniyoyin sauti, da masu gyaran waya, da dattawan da suka saba da wannan kiɗa tun zamanin faifan garmaho, a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, har da 'yan'uwanmu mazauna Sudan da Saudiyya. Mun san ba mu kai masu sauraron labarai yawa ba. Amma BBC ta shiga gidajen Hausawa tun ran 13 ga Maris 1957, wanda kuwa ya daɗe haka a gidan mutum ya cancanci a gaya masa magana a fili.

Ran 21 ga Yulin 2025 kuka rufe BBC Sounds, manhajarku ta sauraron rediyo ta intanet, ga duk wanda ke wajen Birtaniya. A madadinsa kuka buɗe sashen sauti a shafin BBC.com da manhajar BBC, inda ake samun Radio 4 da World Service na Turanci da tarin shirye-shiryen podcast. Sauran tashoshin, ciki har da Radio 2, kuka ce za a ci gaba da jin su kai-tsaye ta mahaɗan da aka jera a wani shafi. Mun gode da ba a rufe ƙofar ruf ba. Sai dai abin da aka ɗauke shi ne wanda muka fi dogara da shi. A da, shiri yakan zauna kwana 30 bayan an watsa shi, mutum ya saurara ranar da ya samu wuta da sabis da sarari. Yanzu in ba ka kasance a bakin wayarka a daidai lokacin da ake shirin a Landan ba, ya wuce ka har abada. Wanda ya tsara wannan yana zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, shi ya sa muke son mu zayyana muku yadda abin yake a wajenmu.

Mu fara da agogo. The Rock Show ana yin sa ne daga ƙarfe 11 zuwa 12 na dare agogon Birtaniya. Birtaniya tana sauya agogonta sau biyu a shekara: ta ƙara awa ɗaya ran Lahadin ƙarshe ta Maris, ta rage ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Mu ba ma sauyawa. Saboda haka daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, shirin yana farawa ƙarfe 11 na dare a Kano da Yamai da Garwa da Njamena, ƙarfe 10 a Kumasi, 12 a Sudan, 1 a Jidda. Da zarar Oktoba ta ƙare sai ya koma 12 zuwa 1 na dare a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, 1 zuwa 2 a Sudan, 2 zuwa 3 a Saudiyya. Mutumin da zai tashi sallar asuba wajen biyar da rabi, ya kuma fita kasuwa ko gareji ran Asabar, ba zai iya zaman ƙarfe ɗayan dare kowane mako tsawon wata biyar ba. Sounds of the 70s kuwa, ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma agogon Birtaniya, rabin shekara la'asar tana faɗowa a tsakiyarsa a Najeriya, a Sudan da Saudiyya kuma Lahadi ranar aiki ce, wani lokacin ma magariba ce ke raba shi biyu. Babu wanda zai bar salla don shirin rediyo, kuma da can babu wanda aka sa ya yi wannan zaɓi.

Ga misalin da ku kanku za ku tuna. Johnnie Walker, wanda ke gabatar da shirye-shiryen biyu a lokacin, ya yi The Rock Show ɗinsa na ƙarshe ran 25 ga Oktoban 2024, ya yi ban-kwana da Sounds of the 70s ran 27 ga watan. Wannan Lahadin ita ce ranar da aka mayar da agogon Birtaniya baya, don haka shirin da aka saba ji ƙarfe 3 a Najeriya ya fara ne ƙarfe 4. Wanda sauyin ya rikita, ko wani uzuri ya tare shi, ya samu wata guda cur ya ji ban-kwanan mutumin da ya fara aikin rediyo tun 1966 a tashoshin da ke watsa shiri daga jiragen ruwa. Ran 31 ga Disamban wannan shekara ya rasu yana da shekara 79. Da tsarin yau ne ake kai a lokacin, da yawancinmu ba mu ji wannan shiri ba sam.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne wuta da sabis. A daidai wancan watan na Oktoban 2024 jihohin arewacin Najeriya da dama suka kwashe sama da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan wuta. Ko a ranakun da komai ke lafiya, ƙarfe 11 na dare lokaci ne da aka kashe janareta a yawancin gidaje, waya kuma ta wuni tana aiki, cajinta ya yi ƙasa. Wannan dai sananne ne. Abin da watakila ba ku lura da shi ba shi ne yadda sauraron kai-tsaye ta intanet ke lalacewa a kan sabis mai rauni.

Sautin da ke zuwa ta intanet ana yanka shi ne gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi. Waya tana jawo guda biyu ko uku ta ajiye, tana kunna ɗaya tana jiran na gaba. A shirin da aka riga aka adana, waya tana iya jawo mintuna da yawa gaba ta tara, ta yadda in sabis ya yanke na minti biyu mai sauraro ba zai ma sani ba, in kuma yankewar ta daɗe, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. A kai-tsaye babu abin da za a tara, domin abin da ke gaba ba a ma faɗe shi ba tukuna. Ajiyar ba ta wuce daƙiƙoƙi kaɗan. Waya ta sauko daga 4G zuwa 2G, abin da ke faruwa kullum a bayan gari da cikin ɗakunan da aka rufa da kwano, sai ajiyar ta ƙare, sauti ya tsaya. Idan aka sake loda shafin, galibi sai a jefa mutum inda shirin ya kai a wannan daƙiƙar, abin da ya wuce kuma ya tafi. Haka nan in kira ya shigo: a layuka da wayoyi da yawa kiran yana sauke waya zuwa 3G ko 2G, a kan 2G kuwa data tana tsayawa cak har a gama magana. Shirin awa ɗaya ne. Yankewa uku ta minti biyar-biyar ta cinye rubu'insa, kuma sau da yawa a tsakiyar hira take zuwa.

Akwai kuma matsalar burauza. Tunda Radio 2 ba ta cikin jerin tashoshin manhajar da kuka ba mu, sai ta shafin intanet ake jin ta. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanenmu, ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce gigabait 2 ko 3, kuma an ɗora musu tsarin tattalin batir mai tsanani. Allo ya mutu, bayan 'yan mintuna sai wayar ta dakatar da burauzar don ta rage cin caji. Maganin da muke koya wa mutane shi ne su shiga saitin batir su cire burauzar daga jerin manhajojin da ake takurawa, su kashe yanayin tattalin data, su rufe sauran shafukan da ke buɗe. Yana aiki a wasu wayoyi, a wasu ba ya yi, sai dai a bar allo a kunne awa guda yana shan batir. Dattijo mai shekara saba'in da ya san kowane faifan Deep Purple da Santana bai kamata a ce sai ya koyi wannan kafin ya ji rediyo ba.

Kuɗin data ba shi ne babban kuka ba, amma lissafinsa yana da amfani gare ku. Sauti mai gudun kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa. Mai 96 yana cin 43, mai 48 kuma bai kai 22 ba. Shirye-shiryen biyu awa uku ne a mako, wato wajen megabait 130 a kan 96, ko 65 a kan 48. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, don haka mutane sun koma lissafa kowane megabait. Wanda ke da zaɓin lokaci yakan jira inda ya samu intanet na wurin aiki ko sa'ar da data ta fi araha. Kai-tsaye ya kawar da wannan dabara.

Za a iya cewa mu nemi wata hanya. Mun duba. Radio 2 tana kan FM tsakanin mega 88 da 91 a cikin Birtaniya kaɗai. A tauraron ɗan'adam tana kan Astra ne, a zangon da aka saita wa tsibiran Birtaniya, wanda kwanon dish da ke Afirka ta Yamma ba ya kamawa. Ba ta kan gajeren zango. Saura VPN, wato mutum ya yi ƙaryar inda yake. Ba ma ba kowa wannan shawara: ya saɓa wa ƙa'idojinku, na kyauta a cikinsu suna rage gudun intanet su ƙara cin batir, wasu kuma suna kwasar bayanan mutum su sayar. Bai dace tsarinku ya zama mai tura masu ƙaunarku ga irin wannan ba.

Wasu kuma kan ce ai waƙoƙin duk suna YouTube da Spotify. Gaskiya ne, amma sai wanda ya riga ya san sunan waƙa ke neman ta. Aikin mai gabatarwa shi ne ya ɗauko faifan da ba ka taɓa ji ba ya ajiye shi kusa da wanda ka sani, ya gaya maka wa ya kaɗa ganga, a wane ɗakin ɗaukar sauti, me ya raba ƙungiyar. Bob Harris, wanda ya karɓi Sounds of the 70s daga hannun Johnnie Walker, ya gabatar da shirin kiɗa na The Old Grey Whistle Test a talabijin a cikin shekarun 1970 ɗin kansu, ya zauna da mawaƙan nan ido da ido. Shaun Keaveny da ya gaji The Rock Show yana ɗorawa ne a kan al'adar rock na daren Juma'a da Tommy Vance ya riƙe a Radio 1 daga 1978 zuwa 1993. Sannan akwai taskar da babu mai irinta sai ku. Har zuwa 1988 akwai ƙa'idar da ta taƙaita sa'o'in da BBC za ta kunna faifan kasuwa, abin da ya tilasta muku kiran makaɗa zuwa ɗakunanku, irin su Maida Vale, su yi kiɗa sabo a ɗauka. Daga nan aka samu ɗimbin kiɗan da ba ya kan faifan asali, har da na Led Zeppelin da sai a 1997 aka fitar da shi kasuwa. Matashin da ke koyon jita yana bukatar ya mayar da wuri ɗaya baya sau biyar yana kwaikwayon yatsun makaɗi, kai-tsaye kuwa sau ɗaya tak yake wucewa.

Kada kuma a ɗauka wannan kiɗa baƙo ne a yankinmu. Ginger Baker, makaɗin ganga na ƙungiyar Cream ta Birtaniya, ya ratsa Sahara da mota ya zauna a Legas, ya yi faifai da Fela Kuti a 1971, ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a can. A Legas ɗin Paul McCartney da Wings suka ɗauki yawancin Band on the Run a 1973. Osibisa, da 'yan Ghana da abokansu 'yan yankin Caribbean suka kafa a Landan a 1969, tana cikin tarihin rock na Birtaniya. A yau kuma Bombino da Mdou Moctar na Nijar suna cika dandali a Turai da Amurka da jitar lantarki, Tal National ta Yamai tana waƙa har da Hausa. Ku da kanku kun taimaka wajen shuka wannan, domin John Peel ya yi shekaru yana da shirin kiɗa a World Service da ke isowa nan ta gajeren zango. Ba a shuka gero a zo lokacin girbi a katange gonar.

Mun fahimci uzurinku, ba ma raina shi. Mazauna Birtaniya ne ke biyan lasisin talabijin, wanda aka mayar fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025, mu ba ma biya. Kowane faifai yana ɗauke da haƙƙi biyu, na wanda ya tsara waƙar da na wanda ya mallaki ɗaukar, waɗanda PRS for Music da PPL ke karɓa a Birtaniya. Izinin watsa shiri kai-tsaye daban yake da izinin ajiye shi a saurara daga baya, na biyun kuma ana cinikinsa ƙasa-ƙasa. Duk mun san wannan. Abin da muke cewa shi ne tsakanin kwana 30 da babu ko minti ɗaya akwai matakai da yawa, kuma kowannensu zai rage mana asara.

Babbar bukatarmu ita ce a dawo da damar sake sauraron waɗannan shirye-shirye biyu, da Sounds of the 60s na Tony Blackburn in zai yiwu. Idan kwana 30 ya yi tsada, a ba mu kwana 7, shiri ya zauna har na gaba ya maye gurbinsa. Idan masu haƙƙi ba su yarda a sauke a waya ba, mun yarda a saurara a kan intanet kawai. Ana iya farawa da ƙasashe kaɗan na wata shida a ga yawan masu sauraro da abin da ya ci.

In kuɗi ne cikas, ku caje mu. BBC Studios tana sa talla a shafukanta na waje, talla ɗaya ko biyu kafin shiri ya fara ba za ta kore mu ba. A Yunin 2025 kun fara karɓar dala 8.99 a wata daga masu amfani da shafinku a Amurka, abin da ya nuna kuna da hanyar ware farashi ga ƙasa guda. A yi mana namu daidai aljihunmu, a kuma bari a biya da kuɗin ƙasa, ta katin waya ko asusun kuɗi na waya, domin katunan naira da yawa ko dai ba sa wucewa a shafukan waje ko an ƙayyade abin da za su kashe.

Akwai hanyar da ba ta ma bukatar intanet. Sashen Hausa ya yi shekaru yana hulɗa da gidajen rediyon FM a Najeriya da Nijar da Ghana. A ba waɗanda suke so izinin maimaita The Rock Show ran Asabar ko Lahadi da rana, su biya haƙƙin waƙoƙin ga hukumomin ƙasashensu, MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar, GHAMRO a Ghana, kamar yadda doka ta ɗora musu kan kowane kiɗa da suke kunnawa. Rediyo mai batir biyu ta ishi mai sauraro. Idan aka ƙara wa shirin gabatarwar minti biyu da Hausa, an buɗe shi ga mutanen da ba su taɓa sanin da shi ba.

Kafin a kammala waɗannan, akwai gyare-gyaren da ba sai an nemi izinin kowa ba. A sa Radio 2 cikin manhajar BBC don sauti ya ci gaba ko allo ya mutu. A sa maɓallin da mutum zai zaɓi kilobit 48 da kansa ya tsaya a kai, tunda sabis mai rauni ya fi iya ɗaukarsa. A tabbatar akwai damar fara shiri daga farko muddin ana cikin yin sa, kuma ba ta ɓacewa in shafi ya sake lodi. Jadawali ya riƙa nuna lokaci da agogon ƙasar mai sauraro, a kuma yi sanarwa mako guda kafin sauyin Maris da na Oktoba. Jerin waƙoƙin kowane shiri, da sunan mawaƙi da shekarar fitowa, ya kasance a buɗe ga kowa kusa da wurin sauraro. Hirarrakin da ake yi da mawaƙa kuma a fitar da su a matsayin podcast tare da gutsuren waƙa, yadda kuka daɗe kuna yi wa shirin hira da waƙoƙi na Radio 4, Desert Island Discs, saboda wannan dalili na haƙƙi.

Muna roƙon a amsa mana a fili, a faɗi wanne cikin waɗannan zai yiwu, wanne ba zai yiwu ba da dalilinsa, da lokacin da za a sake duba matakin 21 ga Yuli. Muna kuma roƙon a ba Sashen Hausa amsar ya karanta a shirinsa ya kuma wallafa a shafinsa, tare da bayanin matakan da mutum zai bi daga wayarsa har ya kai ga Radio 2.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Naku,
Masu sauraron shirye-shiryen rock na Radio 2 daga ƙasashen Hausa